Da Wane Baki Mutanen Littattafanmu Ke Magana?

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran da matasan marubutanmu na Sakkwato ke rubutawa, ko waɗanda aka buga ko waɗanda ke yawo daga hannu zuwa hannu a tarukan ƙungiya, zai lura da wani abu guda. Marubuci zai gaya maka cewa labarinsa a Giɗaɗawa ya faru, ko Rijiyar Ɗorowa, ko Mabera. Zai ambaci Hubbare da Ƙofar Marke, har ya ratsa da kai Shagon Goro. Amma da zarar mutanen labarin sun buɗe baki, sai ka rantse a Fagge ko Gwammaja aka yanke musu cibi. Tsohuwa mai shekara tamanin da ba ta taɓa wuce Kwannawa ba, da jikanta ɗan jami'a, da Bazabarmen da ke kawo musu ruwa, da Bayaraben da ke gyara musu mota, duk baki ɗaya gare su, shi ne bakin littafin aji uku na sakandare.

Wannan al'amari ya cancanci mu zauna mu duba shi, domin harshen da mutum ke magana da shi a birnin nan shi ke fara gaya maka ko shi wane ne, tun kafin ya faɗi sunan ubansa. Marubucin da ya share wannan daga labarinsa ya share rabin mutanen da ya ƙaga.

Gari mai baki da yawa

Sakkwato ba ta taɓa zama garin harshe ɗaya ba. Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, jama'ar da ta taru a cikinsa ta haɗa Toronkawa da Sulluɓawa masu Fillanci, da Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da Adarawa masu Hausa iri-iri, da Buzaye, da Zabarmawa. Su kansu shugabannin jihadi da harsuna uku suka yi aiki, kuma kowanne da wurin da suka aje shi. Littattafan ilmi da na tarihi, irin su Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, da Larabci aka rubuta su. Waƙoƙin wa'azi da yawa na Shehu da Fillanci ya yi su, don makiyaya da danginsa. Da aka ga akasarin talakawa Hausa suke ji, sai Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ƙanenta Isan Kware suka duƙufa wajen mayar da waƙoƙin zuwa Hausa, jajojin 'Yan Taru kuma suka riƙa kai su ƙauyuka wurin mata. Ke nan tun farko mutanen nan sun san cewa zaɓen harshe zaɓen mai sauraro ne.

Daga baya Hausa ta rinjayi Fillanci a cikin birni, har ya kasance a yau gidaje da yawa da ke kiran kansu Fulani ba su iya gaisuwa da shi. Duk da haka Fillancin bai tafi gaba ɗaya ba. Yana nan cikin Bappa da Goggo da Kawu, yana nan cikin sunaye irin su Dikko da Sambo, da sarautar Arɗo, da laƙabin Modibbo. Bayan Turawa sun ci garin a 1903, Ingilishi ya shigo da ofis da makarantar boko. Ciniki da aikin gwamnati suka ƙara kawo Yarabawa da Nufawa da Ibo, musamman da garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan aka kafa jami'a a 1975. Dakarkari da sauran mutanen ƙasar Zuru sun daɗe a cikin aikin soja da ɗan sanda da koyarwa. Ta hanyar Illela da Ƙonni kuma mutanen Nijar ba su daina shigowa ba, da Hausarsu mai ɗiban kalmomin Faransanci.

Saboda haka mutum ɗaya a garin nan yana iya canza baki sau huɗu kafin azahar. Malamin makaranta zai gaida mahaifiyarsa da Sakkwatanci tsantsa, ya yi addu'ar fita da Larabci, ya shiga aji ya koyar da daidaitacciyar Hausa, ya je ofishin ilmi ya yi Ingilishi, a hanyar dawowa ya yi cinikin kayan babur da Turancin buroka. Kowane canji yana da dalili: neman kusanta, ko nuna ilmi, ko kare mutunci, ko gudun a raina shi. Wannan kuwa shi ne abincin marubucin labari, amma mu mun bar shi yana lalacewa a rumbu.

Yadda Hausar boko ta zauna

Kafin mu ɗora wa matasa laifi, ya kamata mu san inda abin ya samo asali. Ƙa'idojin rubutun boko na farko Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara su a 1912, a lokacin yana Nasarawa ta Kano. Hukumar Talifi da ta shirya gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, a Zariya take ƙarƙashin Dokta Rupert East. Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta fara fita a 1939. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba a kan turbar da ta tarar. Duk waɗannan sun ɗauki karin gabas, musamman na Kano, a matsayin ma'auni. Ba su yi haka don ƙin kowa ba. Ana bukatar hanyar rubutu guda, Kano kuwa ita ce cibiyar ciniki mai yawan jama'a. Hasali ma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kula ƙwarai da kalmomin Sakkwato da na Katsina, yana sa musu alama.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, da littattafai irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sa'an nan finafinan bidiyo suka biyo baya daga 1990, sai bakin Kano ya ƙara samun gindin zama. Marubutan Kano ba su yi laifi ba, da bakin garinsu suka rubuta labaran garinsu, shi ya sa hirar da ke ciki ta yi rai. Mu ne muka kwaikwayi bakin tare da salon, kamar wanda ya ari riga ya haɗa da tafiyar mai rigar.

Abin mamaki shi ne a fagen waƙa lamarin ya sha bamban. Saboda martabar waƙoƙin masu jihadi, sigogin yamma irin su anka da munka da sunka sun zama kayan aikin rubutacciyar waƙa a ko'ina cikin ƙasar Hausa, har mawaƙan Kano da Zariya suna amfani da su ba tare da wani ya ce sun yi ƙauyanci ba. Aƙilu Aliyu, wanda Kano ke alfahari da shi, haifaffen Jega ne. A waƙar baka kuwa, da wane baki Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗankwairo da Ɗan Anace da Sa'idu Faru suka yi waƙa? Ga su nan ana nazarinsu a jami'o'i, ana samun digiri da su, babu wanda ya ce sai an fassara su zuwa Kananci. To, bakin da ya isa ya ɗauki waƙar sarakuna da wa'azin malamai, yaya za a ce bai isa ya ɗauki hirar uwa da ɗanta a cikin littafi ba?

Inda muke kuskurewa

Kuskuren farko shi ne wanda na fara ambata, wato mayar da kowa baki ɗaya. Bari in ƙaga ɗan misali. Saurayi ya gaya wa mahaifiyarsa, tsohuwar cikin gari, yarinyar da yake so ya aura. A irin rubutun da muka saba gani za ta ce: "Me ka ce? Wannan yarinyar ce kake so? Ba ka san abin da ubanta ya yi mana ba lokacin da aka raba gado?" Magana ta fita daidai, babu malamin da zai ja mata jan layi. Amma wace tsohuwa ce a Kanwuri za ta faɗe ta haka? Abin da za ta ce shi ne: "Mi kac ce? Yarinyag ga ta kaka so? Ba ka san abin da ubanta yay yi muna ba sa'ad da anka raba gado?" Ma'ana ɗaya ce, amma a ta biyu mai karatu yana jin shekarun matar, da unguwarta, da zafin da ke ranta. In kuma ɗan nata, wanda ya yi shekara biyar yana karatu a Zariya, ya amsa mata da "Inna, ki yi haƙuri, ai wannan maganar ta riga ta wuce," to marubuci bai bukatar ya ɓata shafi guda yana bayyana mana cewa yaron ya yi nisa da gida. Bakinsa ya riga ya faɗa. Ranar da aka aiko masa da rasuwarta, in ya faɗi yana cewa "Wa ka yi min addu'a yanzu?", mai karatu zai gane da kansa cewa baƙin ciki ya komo da shi gida.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. A 'yan wuraren da ake shigar da Sakkwatanci cikin labari, ko cikin wasan kwaikwayo da finafinai, wa ake ba shi? Maigadi, ko ɗan ƙauyen da ya shigo birni ya ga lantarki ya ruɗe, ko marowacin kawu da ake so a yi wa dariya. Jarumi da jaruma kuwa, ko da a Gawon Nama aka ce an haife su, sai a wanke musu baki tas. Idan Bakano ya yi haka, muna iya cewa wasa ne irin na tsakanin garuruwa, kamar yadda Kanawa da Zagezagi ko Gobirawa da Yarabawa ke taɓa juna. Amma idan Basakkwace ya yi da hannunsa, abin da yake koya wa ƙannensa shi ne bakin uwarsu na wawaye ne. Mu da ke cikin aji muna ganin sakamakon. Yaro zai tashi ya ce "shina zuwa" ko "littahinai", 'yan ajin da a gidajensu haka ake faɗa su kwashe da dariya, daga ranar ya daina ɗaga hannu. Wasu 'yan mata kuma, da sun fara karance-karancen littattafan soyayya, sai ka ji sun koma "ne" da "ce" har a gaban kakanninsu, suna ganin wayewa ke nan.

Kuskure na uku ya shafi waɗanda asalinsu ba Hausawa ba ne. Da zarar an sa Bayarabe ko Ibo cikin labari, sai a ba shi gwaranci, ya mayar da namiji mace, ya kasa faɗin ƙ da ɗ. Akwai masu irin wannan Hausa, gaskiya ne, musamman sababbin zuwa. Amma duk wanda ya koyar a makarantun garin nan ya san 'ya'yan Yarabawa da na Ibo da aka haifa a nan, waɗanda in suna bayan labule suna magana ba ka raba su da 'yan Marina. Wasunsu Sakkwatancinsu ya fi na 'ya'yan manyan ma'aikata da ke zuwa makarantun kuɗi nauyi. Irin wannan yaro in ya je garin iyayensa ana kiransa ɗan Hausa, in ya dawo nan ya nemi takardar zama ɗan jiha a tambaye shi garin kakansa. Ga labari a kwance, mai ciwo, mai ma'ana, amma marubucin da ya riga ya yanke cewa baƙo gwaranci yake yi ba zai taɓa ganinsa ba. Haka nan Bafillacen birni da ya je rugar danginsa aka gaishe shi da Fillanci ya kasa amsawa, da Bazabarmiyar da ta hana 'ya'yanta harshenta don kada a ce musu baƙi. Ina waɗannan mutane a cikin littattafanmu?

Na huɗu shi ne yadda muke yi da Ingilishi. Marubuta da yawa suna cusa shi a bakin jarumai don kawai a san 'yan boko ne masu kuɗi, wani lokaci ma Ingilishin a karye. Sirka Hausa da Ingilishi abu ne da ke faruwa kullum a Sakkwato, ba a musun wannan, amma yana da lokacinsa. Ma'aikaci yakan juya zuwa Ingilishi in yana so ya hana ka abu ba tare da kunya ta kama shi ba. Saurayi yakan fake da shi in zai faɗi abin da nauyin baki ya hana shi faɗa da Hausa. Marubucin da ya lura da wannan zai sa kalma biyu su yi masa aikin da wani ya kasa yi da shafi uku.

Hujjar masu cewa a bar shi haka

Akwai 'yan'uwa marubuta da ba su yarda da wannan ra'ayi ba, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa kasuwar littafi a Kano take, mai karatu a Bauci ko Jos in ya ci karo da "yat tahi" da "mi kaka yi" a shafin farko zai aje littafin. Suna cewa daidaitacciyar Hausa ita ce ta haɗa Hausawa daga Gana har Sudan a kan rubutu guda, kowa ya ja nasa karin za a wargaza abin da aka yi shekara fiye da ɗari ana ginawa. Malamai kuma suna cewa ɗalibin da ya saba ganin "hwara" da "halshe" a littafi zai rubuta su a jarrabawa ya faɗi.

Game da kasuwa, mutanen da ake tsoron ba za su fahimta ba su ne suke sauraren Ɗankwairo a cikin mota daga Kano har Legas, ba su taɓa neman tafinta ba. Kuma masu karin yamma ba 'yan kaɗan ba ne. Sun haɗa jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara, da yankin Ƙonni da Tawa da Dogon Dutsi a Nijar, ƙasar da a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ma kasuwa ce, sai dai ba mu taɓa yi mata rubutu ba balle mu san girmanta.

Game da haɗin kai da jarrabawa, ni malamin Hausa ne, kullum ina gyara wa yara "mi" zuwa "me" a cikin insha'i, kuma zan ci gaba da gyarawa, domin wasiƙar neman aiki da rahoton jarida suna da ƙa'idarsu. Wannan maƙala ma da daidaitacciyar Hausa na rubuta ta. Abin da nake kira a kai shi ne a raba muryar mai ba da labari da muryar mutanen cikin labari. Ta farko ta bi ƙa'ida, ta biyu ta bi gaskiyar mai magana. Yaron da ya ga an yi haka a littafi shi zai fi saurin gane cewa baki biyu gare shi, kowanne da wurinsa, maimakon ya ɗauka ɗaya daidai ne ɗaya kuskure. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya yi rubutu da Larabci da Hausa, yana kuma da Fillanci, babu wanda ya rage wa wani daraja a wurinsa. Alhaji Shehu Shagari ya rubuta Waƙar Nijeriya don 'yan makaranta tun yana malami, bai kuwa daina zama mutumin Shagari ba.

Shawara ga masu tasowa

Da farko, a saurara kafin a rubuta. Sakkwatanci ba iri ɗaya ba ne. Bakin cikin gari daban, na Gobir wajen Sabon Birni da Isa daban, na Kabi daban, na Adar daban. Wanda ya haɗa su duka a bakin mutum ɗaya ya yi faten da babu mai sha. A zauna da tsofaffi, a saurari masu kiran Rima Rediyo daga ƙauyuka, a riƙe ɗan littafin aljihu.

Na biyu, kada a cika gishiri. Ba dole ne a rubuta kowane sauti yadda ya fito ba. Sigogi kaɗan da aka riƙe daga farkon littafi zuwa ƙarshe, kamar anka da munka, wanga da wagga, nai da tai, shi a wurin ya, sun isa su tsayar da murya a kunnen mai karatu. Kalmar da ake jin za ta ɓatar da baƙo, kamar cimaka ko dauri, a sa ta inda zancen da ke kewaye zai bayyana ta.

Na uku, a ba karin nan manyan mutane su riƙe. A sa shi a bakin alƙali mai adalci, da likita, da budurwar da ake so, da malamin da ke fassara hadisi a zaure, tun da haka abin yake a gari. "Ranka shi daɗe" ba ta fi "ranka ya daɗe" ƙauyanci ba.

Na huɗu ya shafi ƙungiya. Masu duba rubutu su daina bin hirar cikin labari da jan biro suna mayar da ita Kananci ba tare da sun tambayi marubuci nufinsa ba. Ya kuma kamata reshenmu ya nemi malaman Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka daɗe suna nazarin karin harshe, a zauna a fitar da 'yar takarda mai shafi biyu ko uku a kan yadda za a riƙa rubuta sigogin yamma: shin "yaz zo" za a rubuta ko "yazzo", "rigab Bello" ko "rigat Bello". In ba a yi haka ba kowa zai rubuta yadda ya ga dama, masu suka kuma su sami abin faɗa.

Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shekara hamsin nan gaba, wanda ya ɗauki littattafan da muke rubutawa yau don ya san yadda mutanen birnin Shehu suke magana a zamaninmu, da yadda Bafillace da Bagobiri da Bazabarme da Bayarabe suka zauna unguwa ɗaya, kowa yana auna ɗan'uwansa da bakinsa, me zai samu? In muka ci gaba a yadda muke, zai ɗauka wani yanki ne na Kano. Marubutan Kano sun yi nasu aikin, sun kuma yi shi da kyau. Namu yana nan yana jiranmu, kuma babu wanda zai zo daga wani gari ya yi mana shi. Ina fatan a fitowa ta gaba masu ra'ayi daban za su mayar da martani, musamman 'yan'uwanmu mata, waɗanda su suka fi yawa a cikin masu rubutawa da masu karantawa. Allah Ya sa mu dace, amin.